Furogiram ɗin Ƙasimu Injiniya

Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da Ƙasimu injiniya. Amma da yake shi da kansa ya sa mai fenti ya rubuta hakan a saman ƙofar shagonsa da jan fenti, mutanen Gyaɗi-Gyaɗi suka bar masa kayansa. Shagon ɗan tsukuku ne a bakin layi: injin fotokwafi ɗaya, kwamfuta ɗaya mai yin tari kafin ta tashi, na'urar ɗaukar hoton takarda, sai benci da wani kwali a bakin ƙofa inda yake zuba takardun da suka lalace. Aikinsa bai wuce buga takardar haya da katin ɗaurin aure da cike wa mutane fom ba. Sai dai in ka yi kuskuren zama a bencin nan minti biyar, za ka ji yadda ya gyara wa wani banki na'urorinsu ta waya yana cin rake, da yadda Turawa suka yi ta roƙo ya je ƙasarsu ya ƙi saboda sanyi ba ya yi masa.

Wata Litinin da hantsi Malama Rahila ta shigo rungume da wani abu a cikin leda biyu. Malamar kwamfuta ce a wata sakandaren 'yan mata a Tarauni. Iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo, amma a Kano aka haife ta, kuma Hausar bakinta ta fi ta Ƙasimu kaifi.

Ta miƙa masa takarda ta ce, "Kwafi ashirin za ka yi mini."

Ƙasimu ba ya buga takardar mutum bai karanta ba. Ya ɗaga ta sama ya ƙura ido. "Suna, unguwa, sa hannu. Malama, takara za ki fito?"

"Takarar me? Littafi nake nema wa goyon baya."

Ta kwance ledojin a hankali kamar mai sauya wa jariri kaya. Littafi ne mai kauri, koren bangonsa ya koɗe, an rubuta Umartar Kwamfuta Daki-Daki. Ta ce wani malamin kwaleji ne ya rubuta shi da Hausa fiye da shekara talatin da suka wuce, ya kuma daɗe da rasuwa.

"Da shi na koyi rubuta wa kwamfuta umarni. Da shi nake koyar da 'yan matana. Yarinyar da Turanci ya firgita, in na karanta mata babi ɗaya daga nan sai ka ga ta saki jiki. An daina buga shi tun ina budurwa. Na bi masu littattafai rumfa-rumfa, babu. Wannan na hannuna kaɗai na sani."

Ta ce da ƙyar ta samo ɗan mai maɗaba'ar da ta fara buga shi, wani Mista Godwin a Kaduna. Shi kuma ya ce gara ta cinye asalin da ke wurinsu, amma in ta kawo sunan mutum ɗari biyar masu son a sake bugawa, ta kuma kawo hoton shafukan nata a kwamfuta, zai buga. Ranar Asabar zai zo Kano ya gani da idonsa.

"Yanzu suna nawa kika tara?"

"Arba'in da ɗaya."

"A kwana nawa?"

"Wata guda."

Ƙasimu ya kwashe da dariya har ya riƙe injin fotokwafi. "Malama, ni in na yi atishawa a ƙofar shagon nan mutum arba'in ne ke ce mini yarhamukallahu. Ki bar mini fom ɗin. Kafin Asabar in kawo miki dubu biyu."

"Ka ma san littafin?"

"Wannan? Ina ɗan shekara goma sha biyu na haddace shi."

"To me babi na uku ya ce?"

"Ni ba babi-babi na haddace ba. Gaba ɗaya na haɗiye shi."

Rahila ta harare shi. Ta san Ƙasimu sarai. Amma kwana biyar suka rage, na'urar ɗaukar hoton takarda ta makarantarsu ta mutu tun zangon da ya wuce, ga tasa kuma a kan tebur. Ta ajiye littafin don ya ɗaukar mata hoton shafukan, hannunta bai bar kansa ba.

"Shafi ɗari uku da goma sha biyu ne. In na dawo na tarar ko kunne ɗaya ya lanƙwashe, ni da kai ne."

"Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba sai da izinina."

Tana fita ya soki biro a kunne, ya ɗauki fom ya nufi teburin mai shayi, inda majalisa ba ta watsewa. Ya gyara murya ya ce ya zo da maganar littafi. Kalmar littafi na fita daga bakinsa, mutum uku suka tuna suna da uzuri, ɗaya ya kara waya a kunne ba ta yi ƙara ba. Mai shayin kaɗai ya sa hannu, shi ma don Ƙasimu ya matsa daga gaban kwastomomi.

Ya wuce tashar 'yan adaidaita da ke bakin titi. Shugabansu, Ɗanladi, wani ƙaton mutum mai murya kamar fasasshiyar salansar babur, yana kishingiɗe a bayan kekensa yana sakace. Wannan karon Ƙasimu ya ƙudura ba zai ce littafi ba, zai yi musu da yaren masana, ya kira aikin rubuta wa kwamfuta umarni da sunansa na Turanci.

"Ciyaman, harkar furogiramin na zo da ita."

Ɗanladi ya tashi zaune. Tsinken ya faɗi. "Furogiram? Na gwamnati?"

"Ya girmi na gwamnati. Daga Kaduna za a zo."

"Me ake bukata?"

"Suna da sa hannu kawai."

"Ba katin zaɓe?"

"Ko hoto ba a nema."

Direbobi suka fara matsowa. Wani ya ce, "Injiniya, in an sa suna me za a samu?"

"In sunaye suka cika, kowa zai iya samun nasa a hannu."

"Yana da nauyi?"

Ƙasimu ya tuna kaurin littafin. "Sai da hannu biyu."

Kafin ya rufe baki an fizge biron daga kunnensa. Cikin rabin awa fom huɗu suka cika. Ya koma shago yana taku ɗai-ɗai, yana gaya wa kansa cewa matsalar Malama Rahila ita ce ba ta iya magana da jama'a ba.

'Yan adaidaita kuwa ba inda ba sa shiga. Kafin azahar fasinjoji sun kai labari kasuwar Tarauni cewa an kawo furogiram, buhun shinkafa ne, sai da hannu biyu ake ɗauka. Kafin la'asar a Unguwar Gano ya zama keken ɗinki. Da labarin ya zagayo Gyaɗi-Gyaɗi ya dawo da injin markaɗe da jarkar mai a kai. Safiyar Talata Ƙasimu ya zo buɗe shago ya tarar da layi ya miƙe har ya sha kwana, mata a gefe, maza a gefe, wani tsoho ya zo da kujerarsa.

Wata mata ta ce, "Injiniya, mijina yana Legas, in sa masa?"

"Sa masa."

"Goyon fa?"

"Ai ilimi tun daga goyo ake farawa. Sa shi."

Can a ƙasan zuciyarsa wani abu ya ɗan motsa, ganin yadda mutanen da ko takardar magani ba sa karantawa suke ture juna. Sai ya dubi tulin fom ɗin da suka cika, abin ya koma ya kwanta.

Da rana ta take ya tuna da aikin ɗaukar hoto. Ya buɗe littafin ya kifa a kan gilashin na'ura, littafin ya ƙi kwanciya. Ya danna da hannu, tsakiyar shafin ta fito baƙi ƙirin. Ya ɗora masa dutsen guga, haka. Ya zauna a kai, na'urar ta yi wata ƙara da bai taɓa ji ba. Sai dabara ta zo masa. Ya ɗauko reza ya bi ɗinkin bayan littafin ya tsarge shi tas, shafuka suka rabu ɗai-ɗai.

"In na gama in mai da shi da gam, ko marubucin ba zai gane ba," in ji shi.

Bai kai shafi na shida ba wuta ta ɗauke. A daidai lokacin faɗa ya kaure a waje, wani ya ce an tsallake masa layi. Ƙasimu ya kwashi shafukan gaba ɗaya, ya duba hagu ya duba dama bai ga wuri a tebur ba saboda fom, ya ajiye su a cikin kwalin bakin ƙofa, ya fita rabon faɗa, ya mance da su.

A tsallaken layin Inna Uwani take suyar ƙosai safe da yamma. Shekara shida ke nan duk la'asar sai ta leƙo ta kwashe abin da ke cikin kwalin nan don ƙunsa wa masu saye, shi kuma ta riƙa yi masa gyara. Ranar ta leƙo ta ga takardu masu kauri, tsaf-tsaf, duk girmansu ɗaya. Ta ce a ranta yau Injiniya ya yi abin kirki. Ga kuma layin mutane da yunwa ta fara ci. Kafin magariba ta juye ƙullu roba uku.

Safiyar Laraba Ƙasimu ya tsallaka ya karɓi ƙosansa kamar kullum. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, yana ba wani labarin yadda ya ƙi aikin Turawa. Da ya zo ɗaukar na uku idonsa ya sauka a ƙasan takardar. Lamba ɗari da goma sha bakwai. A gefe kuma, da jan biro, ga rubutun Malama Rahila mai ya ratsa shi.

Ya ajiye ƙosan ya juya ya fuskanci Inna Uwani.

"Inna! Ina kika samo wannan?"

"A kwalinka mana. Allah ya yi albarka, waɗannan ba sa yagewa."

"Littafi ne! Littafin mutane!"

"Littafi ba ya da bango? Ni ban ga bango ba."

"Ina sauran?"

Inna Uwani ta juya ƙosai a kasko ba ta ko ɗago ba. "Sauran suna cikin gari. Wasu na hura wuta da su da safen nan, icen jiƙaƙƙe ne."

"Wuta? Inna, kin kashe ni!"

"Ni na ce ka zuba littafi a kwalin shara? Matsa mini, kana tare mini masu saye."

Ya ƙwace abin da ya rage a ƙarƙashin farantinta, shafi goma sha tara. Ya bi layi yana leƙa kwata, yana tona bola da tsinke. Ya tarar da wata akuya tana tauna shafi na sittin, suka yi ja-in-ja, ya samu rabi ta tafi da rabi. Zuwa hantsi ya tara ashirin da shida da rabi, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Sai wata dabarar ta sake zuwa masa. Ya hau bencinsa ya tafa hannu, masu layi suka yi tsit.

"Jama'a! Sanarwa! Duk wanda ya sayi ƙosan Inna Uwani jiya ko yau, ya nemo takardar da aka ƙunsa masa. Mai lamba a ƙasa. Takardar nan tana da muhimmanci ƙwarai a wannan furogiram. Wanda ya kawo, sunansa ne a sama!"

Ɗanladi, da ya zo sa sunan surukarsa, ya ɗaga murya daga baya. "Kun ji ko? Tikiti ne! Lambar ita ce lambar layinka ranar rabo!"

"A'a, ba haka nake nufi ba, ku kawo mini ita yanzu..."

"Mu ba ka yanzu ka ba 'yan uwanka? Injiniya, ba yau aka haife mu ba. Ranar Asabar kowa zai zo da tasa a hannu."

Layin ya watse a guje. Aka shiga tona bola a gidaje, mata suna zazzage kwandon shara, miji da mata suka yi cacar baki a kan wa ya jefar da shafi na takwas. Masu ƙananan lambobi suka fara tafiya da ƙirji a gaba. Wani tela da ya samu lamba uku ya sa ta a leda ya ɗinke a cikin hularsa. Waɗanda ba su samu ba suka yi wa Inna Uwani dafifi, duk takardar da ta ƙunsa ƙosai da ita sai an juya an duba ƙasanta. Wasu kuwa suka riƙa kawo wa Ƙasimu tsohuwar jarida da takardar jarrabawar yara, sun diga musu mai sun rubuta lamba da biro.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta Malama Rahila ta biyo. Da ƙyar ta kutsa ta kai ƙofa. Ƙasimu na hango ta ya tura shafuka ashirin da shida da rabin nan ƙarƙashin injin, ya tare ta da tulin fom.

"Dubu ɗaya da ɗari takwas, Malama. Kuma ban fara ba."

Ta riƙe baki. Ta juya fom ɗin tana dubawa, idonta ya kawo ruwa. "Duk waɗannan? Ashe mutane na so haka, ni ce ban iya nema ba. Ina littafin?"

"Yana hutawa."

"Hutawa?"

"Hasken na'ura ya ɗumama shi. Tsohon littafi in ya yi zafi ba a taɓa shi sai ya huce kwana biyu. Ƙa'ida ce."

Ta shaƙi iska. "Me ya sa shagonka yake warin mai?"

"Inna ce ta matso da kaskonta."

Kafin ta sake tambaya wata mata mai goyo ta kama gefen mayafinta. "Madam, an ce ke ce mai kayan?"

Rahila ta yi murmushi. "Eh, nawa ne, amma so nake kowa ya samu."

"Allah ya saka da alheri. Babba ne?"

"Yana da kauri kam. In kika riƙe shi da kyau har jikokinki za su amfana."

Matar ta rangaɗa guɗa. Rahila ta tafi gida tana share ƙwalla, ta buga wa Mista Godwin waya ta ce ya zo da shirinsa, Kano ta amsa.

Ƙasimu ya so a yi abin a shago, a ɓoye, mutum uku. Amma Ɗanladi ya riga ya je wurin mai unguwa, Alhaji Bello, ya ce taro irin wannan sai fili. Aka ari filin wata firamare a Tarauni, aka kafa rumfa, aka kawo lasifika. Da Ƙasimu ya ga an ajiye masa kujera mai hannu kusa da ta mai unguwa, sai ya ji tsoron ya ragu. Ya lissafa cewa tunda kowa zai zo da shafinsa, sai ya karɓe a bakin ƙofa, ya shiga wani aji ya jera ya manna, kafin baƙo ya gama shan ruwa. Ya sayi gam babban kwalba. Ya kai babbar rigarsa guga.

Asabar tun da sassafe filin ya cika. Ba wanda ya zo hannu sake: masu buhu, masu baho, masu baro, wani ya zo da igiya ko da abin mai ƙafa ne. Ƙasimu ya tsaya a ƙofa yana cewa a ba shi takardu, aka bi ta kansa aka wuce, hularsa ta faɗi aka tattake.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata farar bas ta shigo da Mista Godwin, siririn mutum mai tabarau, Malama Rahila a gefensa. Jama'a na ganin mota suka ɗauki sowa, kowa ya ɗaga takardarsa sama yana kaɗawa.

Mista Godwin ya sauko ya karɓi ɗaya daga hannun wani dattijo ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Madam, wannan ai shafin littafin ne. Shekara ashirin ina harkar ɗab'i, ban taɓa ganin garin da mutane suke son littafi har kowa ya riƙe shafi ɗaya yana ihu ba."

Rahila ta karɓi takardar. Ta ga mai, ta ga barkono, ta ga rubutunta da jan biro. Ta ɗaga kai a hankali ta dubi filin, ɗaruruwan shafuka suna rawa a iska. Ta juya tana neman Ƙasimu da ido.

Shi kuwa ya riga ya cafke makirufo, don ya lura mutum ba ya cin duka yana tsakiyar jawabi.

"Mai girma mai unguwa, babban baƙo daga Kaduna, jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwar Gano! Lokacin da na ƙirƙiro wannan furogiram, mutane sun ce ba zai yiwu ba..."

"A buɗe mota!" in ji Ɗanladi.

"Za a zo nan. Ilimi, jama'a, shi ne..."

"A fara da lamba ɗaya! Rana tana yi!"

Alhaji Bello ya ɗaga sandarsa aka ɗan lafa. Ya zaro wata takarda mai maiƙo daga aljihu, don shi ma jikarsa ta samo masa. "Injiniya, kafin a fara. Ni tawa akwai wani rubutun Turanci a tsakiya, na kasa ganewa. Tunda kai ne masani, karanta mana ka fassara, kowa ya san ƙa'idar rabon."

Ƙasimu ya karɓa. Layukan umarnin kwamfuta ne, lamba a farkon kowane layi. Bai taɓa ganin irinsu ba. Ya bi da yatsa har ya kai na ƙarshe, inda ya ga abin da ya yi kama da Turancin da ya sani: GOTO 10.

"Yawwa. Nan cewa aka yi, a tafi, a dawo ƙarfe goma."

"Goma ta wuce!" in ji wani.

"To ta gobe ake nufi."

Filin ya ɗauki guna-guni. Rahila ta taka ta hau kan dandamalin, ta miƙa hannu. Yadda ta dube shi, Ƙasimu bai san lokacin da ya sakar mata makirufon ba.

"Ba ƙarfe goma ba ne. Ana gaya wa kwamfuta ta koma layi na goma ta sake farawa. Jama'a, ku saurare ni. Ba shinkafa, ba keken ɗinki, ba injin markaɗe. Littafi ne na koyon kwamfuta. Abin da kuke riƙe da shi shafukansa ne. Guda ɗaya ya rage, na ba wannan mutumin amana ranar Litinin."

Wasu samari da ba su yarda ba suka ruga suka buɗe bayan bas ɗin. Ba komai sai tayar safaya da kular abincin Mista Godwin.

Wata tsohuwa ta ajiye bahonta ƙasa. "Littafi? Na bar wankau ɗin mutane tun asuba saboda littafi?"

Ɗanladi ya fara naɗe hannun riga. "Injiniya, kwana biyar yarana ba su yi aikin kirki ba. Ka ce sai da hannu biyu."

"Ciyaman, ai ban yi ƙarya ba, ka ɗaga shi ka ji..."

Takalmi na farko ya same shi a kafaɗa. Ƙasimu ya tattare babbar riga ya dira ta bayan rumfa, kwalbar gam ta fashe a aljihunsa. Ya zaga bayan azuzuwa jama'a na biye, ya ga ƙarfen tankin ruwan makarantar, ya kama tsani ya haye can sama ya rungume tankin. Da ya so gyara zama ya ji rigar ta manne da ƙarfe.

Mutane suka taru a ƙasa suna yi masa ruwan baƙaƙen maganganu da ɓawon lemo. Shi kuma daga sama yana cewa, "A yi haƙuri, rashin fahimtar kalma ce! Ko a Turai ana samun haka!"

Rahila ba ta bi ta kansa ba. Ta tsaya da makirufo tana roƙo. "Don Allah kada ku yaga. Wanda zai tafi ya ajiye mini takardata a nan." Wasu suka jefar a ƙasa cikin fushi, wasu suka kawo har hannunta suna ba ta haƙuri. Tela ya farke hularsa ya ciro lamba uku. Inna Uwani ta ɗauki farantinta tana bin fili tana tsincewa, tana cewa da ta san na karatu ne da ko ɗaya ba ta sa a wuta ba. Da aka jera aka haɗa da na shago, shafi ashirin da huɗu da rabi babu su, galibinsu daga babi na tara.

Filin ya watse, saura mutum talatin da 'yan kai da suka tsaya suna leƙen shafukan. Ɗanladi na cikinsu. Ya daɗe yana juya tasa takardar kafin ya miƙa.

"Malama, wai da gaske da Hausa yake koyar da kwamfuta? 'Yata Sa'adatu kullum kuka take da darasin nan."

"Da gaske ne."

"To a sa sunana. Na gaskiya wannan karon. Sau ɗaya."

Mista Godwin ya gama duba fom ɗin Ƙasimu yana girgiza kai. Mutum ɗaya ya sa hannu sau goma sha huɗu, akwai jarirai, akwai wani da aka rubuta marigayi a gaban sunansa. Ya ce waɗannan ba za su yi ba. Amma ya dubi Rahila tana goge barkono daga shafi da gefen mayafinta, ya ce ya ƙara mata wata biyu ta tara na gaskiya. Sai dai shafukan nan mai ya ɓata su, na'ura ba za ta ɗauka ba, dole wani ya zauna ya sake buga littafin a kwamfuta harafi-harafi. Waɗanda suka ƙone kuma ta cike daga takardun darasinta.

Alhaji Bello ya ɗaga kai ya dubi saman tanki. "Ai ga mai bugawa can. A sauko da shi."

Sai da aka yanke rigar da almakashi aka bar rabinta a jikin ƙarfe.

Tun daga ranar, duk wanda ya bi ta layin zai ji ƙwas, ƙwas daga shagon, Ƙasimu na bugu da yatsa biyu, yana korar kiyashi daga shafukan da hannu ɗaya. Kullum bayan an tashi makaranta Malama Rahila na zuwa da jan biro, ta zauna a benci ta bi abin da ya buga layi-layi, ta mayar masa da rabi. Fom kuwa Ɗanladi ya karɓa, yana bin fasinjoji da shi, kuma kafin kowa ya sa hannu sai ya ce masa sau biyu, littafi ne, ba a ci.

A sati na uku, suna shafi na hamsin da ɗaya, Ƙasimu ya ga ta ɗan saki fuska, ya gyara murya.

"Malama, in an buga, za a sa sunana kuwa? Ko a bango ne, ƙasa-ƙasa."

Ba ta ɗago daga takardar ba. "Za a sa. A shafin ƙarshe, inda zan ba masu karatu haƙuri in gaya musu dalilin da ya sa babi na tara ba na marubucin ba ne. Sunanka cikakke, da unguwarku."

Ƙasimu ya gyaɗa kai ya koma bugu. Washegari da safe aka gan shi a teburin mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gaya wa majalisa cewa a duk faɗin Kano shi kaɗai maɗaba'ar Kaduna ta ware wa shafi guda sukutum.